Gyaran Dandalin Ƙofar Fada a Kano: Ranar Hawa da Sauran Ranakun Shekara

A watan Disambar 2024, a zaman da kwamitinta ya yi a Asuncion, babban birnin Paraguay, UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da aka gada kaka da kakanni. Mutane da dama sun ɗauka cewa daga ranar fadar Kano da filayen da ake hawa a cikinsu sun shiga ƙarƙashin kariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu ma har sun fara jiran kuɗin gyara. Ba haka abin yake ba.

Shekara ɗaya da rabi kafin wannan sanarwa, a watan Yunin 2023, gwamnatin jihar ta sa katafila ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata a zamanin gwamnatin da ta gabace ta. Gwamnati ta ce filin al'umma ne aka yanka aka sayar ba bisa ƙa'ida ba, 'yan kasuwar kuma suka ce da takardunsu suka mallaka. Babbar kotun tarayya ta ba da umarnin a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Labaran biyu sun bar tambaya guda ba amsa: idan za a raya tsohon filin taron jama'a irin na Ƙofar Kudu da ke gaban fadar sarkin Kano, ko Filin Idi, da wace ƙa'ida za a yi aikin, kuma wa zai ci moriya, wa zai yi asara?

Abin da aka yi wa rajista

UNESCO tana da jeri biyu da ake yawan cakuɗa su. Na farko na wurare ne da gine-gine, ƙarƙashin yarjejeniyar 1972. A nan tsohon birnin Agadez ya shiga a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 da fadar Sarkin Abzin. Ganuwar Kano tana layin jiran shiga wannan jeri tun 2007, ba ta shiga ba tukuna. Na biyu na al'adu ne da ake aikatawa, irin su bukukuwa da kiɗa da sana'o'in hannu, ƙarƙashin yarjejeniyar 2003, kuma nan hawan sallah ya samu gurbi. Wato abin da aka yi wa rajista shi ne hawan kansa, ba ƙasar da dawaki ke takawa ba. Sai dai yarjejeniyar ta 2003 ta lissafa wuraren da ake gudanar da al'ada cikin abubuwan da ke tattare da ita, don haka ƙasar da ta yi alƙawarin kare hawa ta ɗauki nauyin kada filin hawan ya salwanta. Nauyi ne na mutunci a idon duniya. Ba doka ba ce da za ta tsayar da mai awon fili.

Masana tsara birane suna bambanta ayyuka uku da a bakin jama'a duk gyara ake ce musu. Akwai adanawa, wato hana abin da ke nan lalacewa ba tare da an ƙara ko an rage ba. Akwai maidowa, wato mayar da wuri kamar yadda yake a wani zamani da aka zaɓa. Sannan akwai rayawa, wadda ita ce sa wurin ya sake cika da mutane da harkoki, ko da kuwa sai an shigo da abin da babu shi a da, kamar fitilu da banɗaki. Yawancin taƙaddamar da ake yi kan tsoffin filaye ta samo asali ne daga rashin faɗa tun farko wanne daga cikin ukun ake nufi.

Yadda filayen suka tsuke

A tsarin tsohon birnin Hausa, fada da masallacin Juma'a da wurin shari'a suna kusa da juna, da buɗaɗɗen fili a gabansu. Haka yake a Katsina, inda filin Kangiwa ke gaban gidan sarki, haka a Zariya da Damagaram. A Kano, Gidan Rumfa ya samo asali ne daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A kewayensa akwai babban masallaci, wanda gininsa na yanzu na farkon shekarun 1950 ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Gidan Makama da aka mayar gidan tarihi, da kotun shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu.

Abubuwa uku suka matse irin waɗannan filaye. Mota ce ta farko: da aka zuba kwalta, filin da a da ake tsayawa a cikinsa ya koma hanyar wucewa da wurin ajiye ababen hawa. Na biyu tsadar ƙasa a tsakiyar birni, inda duk taƙin da ba gini a kansa ake masa kallon dukiyar da ke kwance. Na uku Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Masarauta ce ke amfani da filin hawa, jama'a ke sallah a filin idi, amma sa hannun da ke raba fili na gwamnati ne, gwamnati kuwa tana canzawa duk bayan shekara huɗu ko takwas.

Fili ɗaya, buƙata biyu

A nan ainihin wuyar aikin take. Ranar Hawan Daushe, bayan sarki ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki ya dawo Ƙofar Kudu, hakimai da tawagoginsu suna zuwa jafi: mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami su yi turjiya dab da inda sarki yake, su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan yana buƙatar doguwar hanya miƙaƙƙiya wadda ba bishiya, ba turken fitila, ba dakali, ba kwalbati a buɗe. Yana buƙatar wurin da 'yan bindiga da 'yan lifida da dogarai za su jeru, da inda dubban 'yan kallo za su tsaya ba tare da doki ya bi ta kansu ba. Sallar idi ma haka take, sahu ba ya son cikas.

Amma idan aka haɗa ranakun hawa na ƙaramar sallah da babba, da 'yan bukukuwan naɗi, kwanaki kaɗan ne a shekara. A sauran ranakun, filin da aka share domin dawaki fili ne da rana ke dukansa tun hantsi har la'asar, a garin da zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40. Ba mai zama a irin wannan wuri. Filin da ba mai zama a cikinsa kuwa shi ne ake fara ajiye wa mota, sai kwantena, sai a wayi gari an kafa harsashin shago, domin babu wanda zai tashi ya ce ana taɓa masa wurin zama.

Najeriya tana da misalan filayen da aka gina domin ranar biki kaɗai. Dandalin Eagle da ke Abuja da na Tafawa Balewa da ke Legas suna cika ranar rantsar da shugabanni ko babban taro, amma ba wuraren da mutumin gari ke zuwa shan iska da yamma ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai haɗarin cika fili da kayan ado, furanni da maɓuɓɓugar ruwa da gumaka na siminti, har ya zama ba inda doki zai yi sukuwa.

Mafitar da masu zane suka fi yarda da ita ita ce raba aiki tsakanin tsakiya da gefe. Tsakiya a bar ta fayau, komai da za a sa a cikinta ya zama abin da ake iya ɗaukewa, kamar rumfunan tamfol da bencina. Duk abin da ke da saiwa ko harsashi, bishiya da dakali da famfo da banɗaki da rumfar mai sana'a, a jera shi a gefe. Wani mai bincike Ba'amurke, William Whyte, ya kafa kyamarori a filayen birnin New York a farkon shekarun 1970 yana kallon inda mutane ke taruwa. Ya gano cewa yawan wurin zama ya fi kyan gini ko girman fili tasiri wajen jawo jama'a, kuma mutane sun fi son gefe, inda za su zauna suna kallon masu wucewa. A 1975 birnin ya sa wannan cikin dokar gini: ƙafa ɗaya ta wurin zama ga kowace murabba'in ƙafa 30 ta fili. Wanda ya san dakalin ƙofar gida da majalisar gindin bishiya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Inuwa, daɓe da ruwan sama

Zanen da aka kwafo daga Turai yakan zo da ciyawa shimfiɗe da bishiyoyin ado marasa inuwa. Ciyawa tana son ban ruwa wata bakwai ko takwas na rani, a unguwannin da mutane ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Bishiyoyin da suka saba da ƙasar, ceɗiya da durumi da tsamiya da maɗaci da darbejiya, su ne ke ba da inuwa mai faɗi, amma kowace da halinta. Saiwar ceɗiya da durumi tana bin danshi, tana iya tsaga tsohuwar katanga idan aka dasa su kusa da ita. Tsamiya tana daɗewa ba ta girma ba, wanda ya dasa ta ba lallai ya sha inuwarta yana kan mulki ba, abin da ya sa 'yan kwangila ba su cika sonta ba. Darbejiya tana saurin tashi, ga jure fari. Dashen da aka yi da hankali yakan haɗa mai saurin girma da mai daɗewa, a kewaye kowace da kariya saboda awaki, a kuma sa kuɗin ban ruwan shekarun farko cikin kwangilar.

Daɓe shi ne inda ake yawan yin kuskure, domin shi ne ya fi fitowa a hoto. Intalok da tayil suna da kyan gani ranar buɗewa, amma suna riƙe zafi har bayan magariba, kuma kofaton doki yana zamewa a kansu, musamman wajen turjiya. Hanyar jafi ta fi son ƙasa mai tauri da aka daddaɓe aka zuba wa yashi. Illar wannan ita ce ƙura da hunturu da taɓo da damina, waɗanda mazauna kewaye ke sha. Shi ya sa wasu ke ba da shawarar a raba: ƙasa a hanyar dawaki, daɓe mai kaushi a hanyar ƙafa da ƙarƙashin bishiyoyi, inda keken guragu da tsofaffi masu sanda za su bi ba tuntuɓe.

Ruwan Agusta kuma yana sauka da yawa cikin ɗan lokaci. Idan aka rufe fili gaba ɗaya da siminti, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa zai gangara lungunan da ke kewaye, ya kwanta a gindin gidajen ƙasa. Magudana a rufe ta fi aminci ga doki da yaro, amma ledar fiya wata tana toshe ta, sai an yi mata murafan da ake ɗagawa a yashe kafin damina.

Batun mota

Manyan filayen da aka raya a ƙasashen waje kusan duk da rage mota aka fara. A Landan, a 2003, an rufe titin da ya raba dandalin Trafalgar da gidan adana zane-zane na ƙasa, aka yi faffaɗar matattakala a wurin, aka ƙara banɗaki da wurin shan shayi. A Paris, dandalin République da a da shataletale ne aka sake buɗe shi a 2013 bayan an mayar da mafi yawansa na masu tafiya a ƙasa. New York ta bi wata hanya mai arha: a 2009 ta rufe wani sashe na titin Broadway a Times Square da fenti da kujerun roba domin gwaji, sai da aka ga yadda zirga-zirga ta kasance sannan aka tabbatar da rufewar, aka yi ginin dindindin daga baya.

Masu adawa da rufe hanya a cikin birnin Kano suna da hujja mai ƙarfi. Titunan cikin ganuwa ba su da yawa, lungunan kuma ba sa ɗaukar mota, don haka duk titin da aka toshe cunkosonsa zai koma kan wani. Ɗan adaidaita sahu zai yi zagaye, ya ƙona mai, ya ƙara wa fasinja kuɗi. Addis Ababa ta warware nata da tona ƙasa: dandalin Meskel da aka sake buɗewa a 2021 an yi masa wurin ajiye motoci kusan 1,400 a ƙarƙashinsa. Irin wannan tono a gefen fadar da ta haura shekara 500 yana nufin haƙe ƙasar da ba a gama binciken abin da ke cikinta ba, ban da tsada. Gwaji irin na New York, a rufe wani sashe da yammacin Juma'a ko ƙarshen mako a ƙirga abin da ya faru, shi ne mafi sauƙin janyewa idan bai yi ba.

Masu sana'a: a kora ko a tsara

Mai shayi da mai tsire da mai awara da mai wankin hula su ne ke sa mutum ya tsaya a fili maimakon ya wuce. Su ne kuma ake fara kora idan an ce za a ƙawata wuri. Birane biyu na Arewacin Afirka sun nuna hanyoyi biyu.

A Marrakesh ta Maroko, dandalin Jama'ul Fana ya shahara da masu ba da labari da makaɗa da masu wasa da maciji da masu abincin dare. Fargabar kada gine-ginen zamani su cinye shi tana cikin abin da ya sa UNESCO ta fara karrama al'adun da ba gini ba, kuma yana cikin rukunin farko da aka ayyana a 2001. Hukuma ba ta kori masu abinci ba, ta ba rumfunansu lamba, suna kafawa da yamma su kwashe cikin dare. Filin yana cike har yau. Sai dai masu sukar tsarin suna cewa harkar ta karkata ga 'yan yawon buɗe ido, masu ba da labari da Larabcin gari sun ragu ƙwarai, abin da aka yi rajistar dominsa ke nan.

A Alƙahira kuwa, gyaran da aka yi wa dandalin Tahrir a 2020 ya kafa dogon ginshiƙin dutse na Fir'auna Ramsis na Biyu a tsakiya, da gumaka huɗu masu kan rago da aka ɗauko daga tsohon wurin bauta na Karnak a kudancin Masar. Gwamnati ta ce ta mayar da wurin abin alfahari. Masana kayan tarihi sun yi ƙorafin hayaƙin mota zai lalata duwatsun, wasu kuma suka ce filin da ya ɗauki zanga-zangar 2011 an mayar da shi abin kallo daga nesa, ba wurin zama ba.

Abin da Filin Idi ya ƙara a kan wannan shi ne bambancin tebur da shago. Mai tebur yana kwashe kayansa ranar sallah, shagon bulo kuwa ya ci sahu har abada. Tsarin da ya ba ƙananan masu sana'a izini a rubuce, da wuri sananne a gefe, da sharaɗin tashi ranar taro, yana kare su daga kora ba zato, yana kuma kare filin daga gini. Haɗarinsa shi ne rabon gurabe ya koma hannun masu uwa a gindin murhu, a ba wanda bai taɓa kasa kaya a wurin ba ya riƙa ba asalin masu wurin haya. Maganin da aka sani shi ne a ƙirga waɗanda ke wurin da sunayensu kafin a sanar da aikin.

Ginin ƙasa ko siminti

Fuskar gine-ginen da ke kewaye da fili ita ce ke ba shi kamanninsa: soraye da zankwaye da zanen dagi a bango. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masana suka tsara kan adana tsoffin gine-gine, ta ce maido da tsohon gini ya tsaya inda zato ya fara, kuma sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya gane shi. Wannan ƙa'ida an yi ta ne da ginin dutse a zuciya. Ginin ƙasa kuwa da yaɓe yake rayuwa, bayan 'yan damina sai an sake shafe shi, kamar yadda mutanen Djenne a Mali ke yi wa masallacinsu duk shekara. Takardar da masana suka fitar a birnin Nara na Japan a 1994 ta gyara wannan, ta amince cewa sahihancin wuri yana iya kasancewa a cikin fasahar da aka gada da amfanin da ake yi da shi, ba sai a tsohon tubali kaɗai ba.

Masu son siminti suna cewa ya fi ƙarko, ya raba mutum da yaɓen kowace shekara. Magina na gargajiya suna amsawa da cewa siminti a kan bangon ƙasa yana kulle danshi a ciki, bangon ya ruɓe ta baya, wata rana filastar ta ɓalle falle guda ta faɗo. Makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, tana korar ruwa tana kuma barin bango ya sha iska. Amma masu iya wannan aiki suna raguwa, kuma kasafin gwamnati ya fi sanin kwangilar da ake yi sau ɗaya a yanke kyalle fiye da ɗan kuɗin da za a riƙa fitarwa duk shekara.

Abin da zai shafi mutumin gari

Ga mazauna unguwannin da ke kewaye, amfanin farko ba na baƙi ba ne: inuwa, fitilar dare, banɗaki da wurin alwala, da wurin da yara za su yi wasa ba a bakin titi ba. Mata su ne ma'aunin da masu tsara birane ke yawan dubawa, domin filin da mace za ta zauna da 'ya'yanta hankali kwance kowa zai iya zama a cikinsa. Hakan yana buƙatar banɗakin mata dabam, da wuraren zama da ba majalisar maza ta mamaye su ba, da haske a kowane lungu.

Asarar da za a iya yi ita ma a bayyane take. Idan wuri ya gyaru, hayar shaguna da gidajen kewaye tana tashi, mai ƙaramin ƙarfi ya matsa. Idan aka kewaye filin da shinge aka sa mai karɓar kuɗin shiga da sunan kula da shi, an cire talaka ke nan. Lokacin aikin ma kansa, wata da watanni ana tono, ciniki yana tsayawa.

Sai batun wa ke da alhakin wurin bayan an tashi daga bikin buɗewa. A Kano hannaye da yawa ne a kai: masarauta, gwamnatin jiha ta hannun hukumar tsara birane KNUPDA da ta kula da zirga-zirga KAROTA, ƙaramar hukumar birni, da hukumar gidajen tarihi ta tarayya mai kula da Gidan Makama da ganuwa. Idan ba a rubuta wanda zai biya mai shara, wanda zai canza batirin fitilar sola, da wanda zai ba da izinin taro ba, kowa zai jira ɗan'uwansa. Rikicin masu iƙirarin sarautar Kano su biyu da ya sa 'yan sanda suka hana hawa a 2024 da 2025 ya nuna cewa amfani da filin ma kansa yana iya tsayawa saboda siyasa. Dangane da iyaka kuwa, muddin ba a auna filin an buga taswirarsa a jaridar gwamnati a matsayin wurin da ba a rabawa ba, da dokar majalisar jiha a bayansa, gwamnan da ya zo yana da ikon da Dokar 1978 ta ba shi na ba da takardar mallaka a kansa, wanda ya gaje shi kuma yana da ikon soke ta.